Kifin da Gwaggo Ta Gani Yana Tafiya

Yau kwana tara ke nan da Mai rai da mutuwa ya karɓi abinsa, ya ɗauke mana Gwaggo, yayar mahaifinmu, kuma har yanzu na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a tsakar gida sai in ji ina son fita ƙofa, in na fita kuma in rasa abin da ya fito da ni. Na koma aji a makarantar da nake koyarwa a unguwar Lamashegu, nan Tamale, ina rubutu a allo ina sharewa tun yara ba su kwafa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta ta, ko hannu ya samu abin yi, kuma kada jikokin gidan nan su tashi ba su san wace ce ta zauna a ɗakin kusa da rijiya ba.

Kwana ukun zaman makoki gidanmu na Gumbihini bai huta ba. Babura sun tare lungu har masu yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, suka riƙa zagayawa ta bayan masallaci. Matan layin kifi da na layin gishiri na kasuwar Aboabo suka zo gungu-gungu, mayafansu na ƙamshin banda, suna fara gaisuwa da Hausa suna ƙarasawa da Dagbanci. Wata tsohuwa da suka daɗe suna maƙwabtakar rumfa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin Gwaggo ta sha koko a zaune ba, a tsaye take sha, tana sha tana gyara wa wata tire. Wata ta ce in kuna hira da ita sai kin riƙa juya wuya, don maganar da ta fara a gabanki a bayanki za ta ƙarasa ta. Aka yi dariya, sai aka tuna inda ake, kowa ta ja mayafi.

Wadda ta kasa daurewa ita ce matar da muke kira Matar Ada, da sunan garinsu, Kirista ce 'yar kudu, mai sayar da kifi a jikin rumfar Gwaggo. Ta shigo hannu biyu a ka tana kuka da ƙarfi irin na mutanensu. Mata suka taso suna ba ta baki, suna cewa ba a yi wa mamaci haka. Ta zube a ƙofar ɗakin tana cewa da Hausarta, "Mma ya tafi. Yanzu wa zai kira ni da yarena a garin nan?" Mahaifiyarmu ce ta ce a ƙyale ta, ta kai mata ruwa.

A rana ta biyu ina wucewa da buta na ji wasu mata biyu a bakin madafi. Ɗaya ta ce tsohuwa mai hawan jini da ciwon gwiwa, a ɗauke ta a kai ta bakin teku wai kallon kifi, ai dole. Ɗayar ta ce kwana ne ya ƙare, amma dai da an bar ta a gida. Suka gan ni suka sauya magana. Ni ce na kai ta. Zan zo kan wannan, amma ba na son a ji labarin tafiyar ba a san matar ba.

Gwaggo ba ta haihu ba, mu ne 'ya'yanta. Tana budurwa ta auri wani ɗan zongo, unguwar Hausawa, mai fataucin gishiri, ita ta zaɓe shi, ya tafi da ita wani ƙauye kusa da Ada, inda kogin Volta yake shiga teku. Shekara goma sha ɗaya ta yi a can. Mijin yakan bi motocin gishiri zuwa arewa ya yi mako biyu, uku, bai dawo ba. Shekarar farko ba ta jin yaren kowa, ba mai jin nata. Ta ce in ta gama aikin gida sai ta zagaya bayan ɗaki, inda taɓo ya shimfiɗu a ƙarƙashin wasu itatuwa masu saiwa a waje, kamar suna tsaye a kan ƙafafu, ta tsuguna tana kallon abin da ke yawo a wurin. A nan ta san kifin taɓo. Ita ta sa masa wannan suna. Mutanen can suna da nasu, ta sha faɗa mana, mun kasa riƙewa. Da zazzaɓi ya kashe mijin aka binne shi a ƙauyen, ta gama takaba ta dawo Tamale da akwati ɗaya da sanin gishiri da kifi, ta kafa rumfa. Masu neman aure sun zo, ta ce ba ta da lokacin zama a ɗaki.

Labarin kifin nan ba da baki kaɗai take ba da shi ba. Sai ta kwanta rub da ciki a tabarma, babbar mace da ita, ta kafa gwiwar hannu biyu ta ja jiki gaba, ta ce haka yake tafiya da 'yan fikafikansa na gaba. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba sosai. Idanunsa a tsakar kai suke, a tsaye kamar ƙwayar gurjiya biyu, in sun bushe sai ya shanye su cikin kai ya sake fito da su a jiƙe. Kafin ya hau tudu yakan cika kumatunsa da ruwa, in fatarsa ta fara bushewa ya nemi ɗan kududdufi ya yi birgima. In ka matso sai ya lanƙwasa wutsiya ya yi tsalle, fit, fit, a kan taɓo, har a kan ruwa, bai nutse ba. Yana cin ƙananan ƙaguwa da ƙwari da tsutsa. Abin da ya fi ba ta mamaki, in ji ta, kifi ne amma in teku ta ciko gudun ruwan yake yi, ya haye saiwar itace ya zauna yana jira, ko ya shige raminsa.

Ramin ma da baki yake haƙa shi, ya ciko taɓo ya tofar a waje ya koma. Maza ba sa shiri da juna. In ɗaya ya taka wa ɗaya iyaka sai su wangale baki, su miƙe ƙayar bayansu mai ratsin shuɗi, su yi ta ture-ture har wani ya gudu. Ta ce ta sha ganin namiji ya fito ya haɗiyi iska ya nutsa rami, ya sake fitowa ya haɗiya, ya yi ta yi. Sai da ta fara jin yare wata tsohuwar ƙauyen ta gaya mata ƙwai ne a can ciki yake kai wa numfashi.

Mu yara mun yarda. Babanmu ne bai yarda ba. Ƙaninta ne, ita ta goye shi, amma mutum ne mai karatu da son a yi magana da hujja, kuma a lokacin bai taɓa wuce Kumasi ba. Ranar sunan ƙanwata ya shigo da baƙi maza biyu su gaida mai jego, ya tarar da yayarsa kwance a tabarma tana jan ciki, mu mun kewaye ta muna ihu. Kunya ta kama shi.

Ya ce, "Yaya, ki daina cika wa yara kai da abin da babu. Gaiwa kika gani, ko kwaɗo."

Ta tashi a hankali ta kaɗe zaninta. "Ni da nake sayar da gaiwa, Alhaji, kai za ka koya mini gaiwa?"

A lokacin bai je Makka ba. In ta kira shi Alhaji to ranta ya ɓaci. A gaban baƙin ta ce gaiwa barci take yi a cikin busasshen taɓo har ruwan sama ya tashe ta, shi kuwa wannan ba ya barci, kuma ba ya zama sai inda ruwan kogi ya gauraya da na gishiri. Baba ya ja baƙinsa suka fita. Daga ranar ta daina cin tukunyar gidanmu. Ta sayi kurfoti na girki da gawayi ta ajiye a ƙofar ɗakinta, muna gida ɗaya tana dafa nata. Tana yi mana wanka, tana yi mana kitso, tana gaisawa da mahaifiyarmu lafiya lau, amma kwanon da aka kai mata haka yake dawowa a rufe. Kusan shekara biyu aka yi a haka.

A cikin wannan zaman ne ta roƙi wani direban motar gishiri ya kawo mata kifin da ransa. Ta gaya masa ya sa taɓo da ruwa ɗan kaɗan, ya bar bakin bokitin a buɗe. Shi kuwa ya ga ai kifi ruwa yake so, ya cika bokiti taf ya ɗaure bakin da leda. Kwana biyu a hanya. Da aka buɗe a tsakar gida sai da kowa ya ja baya don wari. Guda uku ne, sun kumbura, cikinsu a sama. Baba ya leƙa ya ce lallai kifi ne, amma shi bai ga yana tafiya ba. Gwaggo ta janye bokitin. Ta ɗauki fartanya ta binne su a bayan gida, ta wanke bokitin sau uku, ta wuce kasuwa ba ta yi wa kowa sallama ba.

Ciwo ne ya shirya su. Baba ya kwanta da zazzaɓi mai tsanani ya ƙi cin komai, ta dafa farfesun tarwaɗa ta shiga ɗakinsa ta zauna a bakin gado, ta ce ba za ta ci ba sai ya ci. Suka ci a kwano ɗaya. Maganar kifi ba su sake tayar da ita a tsakaninsu ba. Shekaru da yawa bayan haka, da na sayi babbar waya, na nemo hoton bidiyon kifin na kai wa Baba. Ya kalla sau biyu, ya cire tabarau ya ce Allah mai iko, ya miƙo mini wayar. Ban ji ya je ya ba ta haƙuri ba. Da na kai mata ita ma sai ta ture hannuna, ta ce wannan ba shi da wari, kuma ita ba ta neman shaida.

Matar Ada kuwa a tashar mota ta tsince ta. Ta biyo wani miji zuwa Tamale, ya tafi ya bar ta da goyo, tana zaune a kan jakarta tana magana ita kaɗai da yarensu. Gwaggo ta zo karɓar buhunan gishiri, ta ji, ta juya ta amsa mata da yaren. Matar ta ce ta ɗauka aljani ne. Gwaggo ta kawo ta gida, suka kwana ɗaki ɗaya wata huɗu, ta raba mata gefen rumfa, ta koya mata yadda ake gane bandar da ta ji wuta da wadda za ta yi tsutsa. Ranar Lahadi ita take goya mata yarinyar ta ce ta je cocinta. Wasu sun yi ƙorafi, ta ce su zo su ɗauke ta in suna da wurin da ya fi nata.

Bara gwiwa ta hana ta kasuwa, a nan wahala ta fara. Mace da ba ta saba zama ba aka ce ta zauna. Ta share tsakar gida sau uku a wuni, ta kwance kitson jika ta sake. Sai ta fara haɗa jaka. Ta ce tana son ta je ta tsaya a kan kabarin mijinta ta yi masa addu'a, fiye da shekara arba'in ba ta je ba, kuma ta ga taɓonta. Baba ya ce a'a. Hanya da nisa, jininta na hawa, addu'a daga ko'ina tana isa, kuma mace ba ta da aiki a maƙabarta. Ta ce to. Bayan kwana huɗu aka neme ta aka rasa, ashe ta tari yalo-yalo ita kaɗai ta tafi tasha tana tambayar motar Akra. Wani ɗan unguwa ya dawo da ita. Karo na biyu ni na same ta, zaune a benci da jakar a cinya, ƙafa ɗaya tana ta karkaɗawa.

Ta ce, "Malama, in ba za ki kai ni ba ki matsa, kina tare mini hanya."

Na zauna kusa da ita na ce in an yi hutun makaranta zan kai ta. Ta sa na rantse. Da na gaya wa Baba sai ya ce in wani abu ya same ta ni na sani. Ranar tafiya bai raka mu tasha ba.

Muka bi motar safe. Kafin Techiman ƙafafunta sun kumbura har ta cire takalmi, amma bakinta bai huta ba, duk garin da muka wuce sai ta faɗi abin da ake sayarwa a tasharsa a da. Muka sauka wurin dangi a Ashaiman, kusa da Akra, washegari muka ƙarasa Ada. Matar Ada ta riga ta buga wa kawunta waya, wani tsohon masunci mai kwalekwale, yana jiranmu a bakin ruwa. Suna haɗuwa harshen Gwaggo ya kwance. Tana magana da yaren tana dariya tana dukan cinya, ni ina tsaye da jaka ina kallon wata mace da ban taɓa sani ba.

Wurin da ta fara nema ba mu same shi yadda ta bari ba. An sare itatuwan an yi banda da su, sai kututture da leda da taɓo mai tsagewa. Ta juya gabas ta juya yamma ta ce ba nan ba ne. Tsohon ya ce nan ne. Ya tuƙa mu ya shiga wani ɗan rafi can ciki inda itatuwan suke da sauransu, ruwa yana janyewa, wari mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai ya taso. Gwaggo ta shaƙa ta lumshe ido. Ni da farko ban ga komai ba sai taɓo. Sai taɓon ya motsa. Ga su nan, da yawa, manya da ƙanana, suna dogara fikafikai suna jan jiki, wani a kan saiwa yana kallonmu da idanun nan na tsakar kai. Na sha gani a waya, amma sai da tsikar jikina ta tashi.

Ta ce sai ta sauka. Na riƙe ta, ta zura ƙafa ɗaya taɓo ya haɗiye ta har ƙauri. Ba ta ce mini kin gani ba. Nuni kawai take yi, wancan zai yi faɗa, wancan rami yake gyarawa, dubi wannan zai yi birgima, kuma duk abin da ta faɗa sai ya faru. Muka daɗe a haka har hannuna ya sage.

Da muka fito ta tambayi tsohon maƙabarta. Ya yi wata doguwar magana, ita kuma ba ta fassara mini ba. Ya kai mu wani tudun yashi tsakanin kogi da teku, muka taka a hankali har bakin igiyar ruwa. Ya miƙa hannu can cikin ruwa inda guntun bango yake leƙowa in igiya ta janye. Sai a lokacin ya gaya mini da guntun Turancinsa cewa teku ta cinye wannan gefen ƙauyen tuntuni, da gidaje, da coci, da ɗan filin da Musulmi suke binne nasu. Gwaggo ta tambaye shi daidai ina. Ya sake nunawa, ya ɗan gusa hannun dama. Ta matsa har ruwa yana dukan zaninta, ta ɗaga hannu ta yi addu'arta tana fuskantar wurin. Ba ta yi kuka ba. Ta shafa, ta juya, ta ce mu tafi rana tana yi.

A cikin kwalekwale ta taɓa gwiwata. "Ki gaya wa babanki, in na mutu ya nema mini tudu. Inda ruwa ba ya zuwa ko da damina."

Na ce ta gaya masa da kanta mana. Ta ce shi ba ya jin maganarta sai ta bakin wani.

Mun dawo tana tari. Ƙafafun ba su saɓe ba. Sau biyu aka kwantar da ita a asibiti, likita ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya. Ko tafiyar ce ta ƙarasa ta, ko da ma lokacin ya yi, ban sani ba, kuma na juya maganar nan a raina har na gaji. Mako bakwai ta yi. A cikinsu duka ba abin da ya haɗa ni da Baba sai amsa gaisuwa, ni kuma na kasa isar da saƙon, don ban san yadda zan buɗe baki in yi masa maganar kabarin yayarsa tana da rai ba.

Ta cika da hantsi ranar Alhamis, hannunta yana ta laluben gefen zani kamar mai neman abin gyarawa. Mata suna shirin wanka na ji maza a zaure suna cewa a haƙa a gefen mahaifiyarsu, inda ake binne 'yan gidanmu. Wurin kwari ne, ga shi ƙarshen damina. Na yafa mayafi na je na durƙusa a ƙofar zaure a gaban mutane, na faɗa wa Baba abin da muka gani a bakin teku da abin da ta ce. Bai dube ni ba. Ya ɗauki hularsa ya fita, ya hau bayan babur ɗin wani, shi da ya shekara saba'in da wani abu.

An ce za a yi jana'iza bayan azahar, aka yi azahar ba labari. Mata suka fara tambayar ko lafiya. Sai bayan la'asar aka zo aka ɗauke ta. Da maza suka dawo Baba bai tsaya a zaure ba, ya shigo cikin gida, jar ƙasa har gwiwar wandonsa, ya zauna a kan turmi ya ce in kawo ruwa. Ina zuba masa na ga tafin hannunsa duk ya yi bororo, ɗaya ya fashe.

Ya ce, "Can sama muka kai ta, jikin katanga. Marmara ce zalla. Sai da diga biyu suka karye, masu haƙa suka ce a koma ƙasa, na karɓi haƙan da kaina."

Na ce sannu, Baba. Ya ci gaba da murza hannu. Can ya tambaye ni ko da ƙafarta ta taka har bakin ruwan. Na ce da ƙafarta. Ya gyaɗa kai, ya miƙo ɗaya hannun in zuba.

Allah ya yalwata wa Gwaggo wannan ƙasa mai tauri, ya yafe mata, ya sada ta da mijinta da teku ta ɗauka.